Ɗan Ƙuda Mai Jan Ido

 

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne. Kowa ya san shi, amma ba kowa ya kula da shi ba. Uwargida ta dama kunun zaƙi ta ajiye a inuwa, kafin la'asar sai ka ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje suna shawagi a bakin ƙwaryar. Yaro ya sha mangwaro ya yar da ƙwallon a tsakar gida, gobe da safe sai ka tarar sun lulluɓe shi. Ka kore su da hannu, su tashi, ka juya baya, su komo. Mai nono ta san su, mai tumatir ya san su, mai zoɓo ma ta san su.

Abin da na ke so ku riƙe a yau abu ɗaya ne. Ƙudan nan a cikin gidajenmu a ke haihuwarsa, mu ne kuwa mu ke yi masa shimfiɗa. In mun ɗauke shimfiɗar, sai ya ƙare. Bari mu bi zancen daki-daki.

Kamanninsa

Kada ku haɗa shi da babban ƙudan gida, baƙin nan mai sauka a kan nama. Wannan ƙarami ne ƙwarai, kamar ƙwayar riɗi. Tsawonsa milimita 3 ne, watau sai ka jera kamar guda 8 kafin su cika inci ɗaya. Jikinsa ruwan ƙasa ne mai haske. In ka dube shi kusa da kyau za ka ga idanunsa jajaye ne. Ba ya cizo, ba ya shan jini. Turawa suna kiransa ƙudan 'ya'yan itace, waɗansunsu kuma su ce ƙudan giya. Nan gaba kaɗan za ku ji dalilin wannan suna na biyu.

Me ya ke kawo shi?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne. Cikin iska, da jikin 'ya'yan itace, da jikin ƙwarya, akwai waɗansu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu shi ne yis, irin wanda mai burodi ya ke sawa a fulawa ta kumbura. In yis ya sami abu mai zaƙi da danshi, sai ya shiga ci. Yana ci abin yana kumfa, yana fitar da wani wari mai kama da na giya. Bayansa sai waɗansu ƙwayoyin su zo su mai da abin ya yi tsami. Shi ya sa ƙullun waina ya ke tashi in ya kwana, shi ya sa kuma kunun jiya ba ɗaya ya ke da na yau ba.

To, wannan yis shi ne abincin ɗan ƙudan nan, shi da 'ya'yansa. Warin kumfar nan da tsamin nan shi ke yi masa jagora. Yana jin wari da waɗansu 'yan gajerun ƙahoni biyu da ke gaban kansa, hancinsa ke nan. Duk inda abu ya fara juyawa, can ya nufa: nunanniyar ayaba, fasasshen tumatir, tuƙar rake, ɓawon gwanda, ruwan tsami, ƙasari, gasarar da ta kwana, ragowar fura a gindin ƙwarya.

Labarin masu giyar inabi

Ba mu kaɗai ne mu ke fama da shi ba. A ƙasashen Turai, kamar Faransa da Italiya da Sifen, ana noman inabi da yawa. Su kan matse ruwansa su bar yis ya yi aiki a ciki har ya zama giya. Wajen watan Satumba da Oktoba a ke yawan girbin inabin, a lokacin ne kuwa ƙudan ya ke yi musu yawa. Mutum ya zauna a gidansa da maraice, ya zuba giya a kofi, kafin ya kai baki sau biyu sai ya ga ɗan ƙuda yana iyo a ciki. Ƙwari da yawa ba su iya jimre ƙarfin giya, amma wannan jikinsa ya saba da kaɗan daga cikinta, domin a cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ya ke girma.

Ɓarnarsa gare su iri biyu ce. Ta fari, yana ɗauke da ƙwayoyin tsami a ƙafafunsa, in sun shiga giya sai su juya ta ta zama ruwa mai tsami wanda ba ya shawuwa. Ta biyu, wari. A shekarar 2018 waɗansu masu bincike na ƙasar Suwidin suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun gano macen ƙudan tana fitar da wani wari na kiran namiji, kuma gwanayen ɗanɗana giya sun iya gane kofin da mace guda ɗaya tak ta shiga, ko da an riga an fitar da ita.

Me su ke yi? Su kan ɗora takarda ko ɗan murfi a bakin kofi tsakanin kurɓa da kurɓa. Su kan toshe kwalba da zarar sun zuba. Ba su barin kofi ya kwana da ragowa a ciki, kwalbar da ta ƙare kuma su kan ɗauraye ta kafin su ajiye. Haka kuma masu bammi da masu burkutu a ƙasarmu, ƙudan da ke damunsu shi ne dai wannan. Mu kuwa da yawancinmu abin shanmu kunu ne da fura da nono da zoɓo, maganarmu ɗaya ce da tasu, domin ƙudan ba ruwansa da sunan abin da ke cikin ƙwarya. Shi dai ya ji zaƙi ya fara juyawa.

Daga ina ya ke fitowa?

Mutane da yawa suna tsammani ɗan itace ne ya ke haifar da tsutsa da kansa in ya ruɓe. Mutanen dā ma a Turai haka suka ɗauka. A shekarar 1668 wani likita na ƙasar Italiya, sunansa Faranshesko Redi, ya gwada abin. Ya sa nama cikin tukwane, waɗansu ya bar su a buɗe, waɗansu ya rufe bakinsu da ƙyalle. Naman ya ruɓe duka. Amma a tukwanen da ke buɗe kaɗai tsutsa ta cika naman, watau inda ƙuda ya sami sauka. Daga nan aka gane tsutsa 'yar ƙuda ce, daga ƙwai ta ke fitowa.

Ga yadda rayuwar ɗan ƙudanmu ta ke tafiya in akwai ɗumi da danshi.

Macen ta kan sa ƙwai a kan ruɓaɓɓen abu. Ƙwan fari ne, ƙanƙane, da ƙyar ido ya ke ganinsa.

Bayan kwana 1 ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar farar tsutsa ta fito.

Tsutsar ta yi kamar kwana 4 tana ci tana girma.

Sa'an nan ta rarrafa ta nemi wuri mai ɗan bushewa, kamar gefen ƙwarya ko jikin kwando, ta ƙulle kanta cikin ɗan kwanso mai ruwan ƙasa. In ba ka sani ba sai ka ce ɗan tsaki ne ya manne.

Bayan kwana 4 ko 5 kwanson ya fashe, sabon ƙuda ya fito. Kafin kwana 2 macen ta fara nata ƙwan.

Ku haɗa lissafin. Daga ƙwai zuwa ƙuda, kwana 10 ne ko ƙasa da haka kaɗan. In da sanyi abin ya kan ja har kusan mako 3. Babban ƙudan kuma ya kan rayu wata ɗaya ko fiye, mace ɗaya kuwa ta kan sa ƙwai wajen 400 a rayuwarta.

Kada ku yi mamakin yadda aka san kwanakin nan daidai. Masana sun fi shekara 100 suna kiwon ƙudan nan cikin kwalabe, domin saurin haihuwarsa. Wani malami a birnin New York na ƙasar Amurka, sunansa Tomas Mogan, da shi ya yi binciken yadda 'ya'ya su ke gadon kamannin iyayensu, tun daga wajen 1910. A 1933 aka ba shi babbar lambar girma ta Nobel saboda wannan aiki. Masana kuma sun ce asalin ƙudan daga nahiyarmu ta Afirka ya ke, daga nan ya bi mutane ya watsu duniya. Waɗanda suka bi sawunsa cikin dajin Zimbabuwe sun tarar abin da ya fi so a can shi ne 'ya'yan itacen da mu ke kira danya. Ashe tsohon maƙwabci ne.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi irin namu na aji. A ce mace ɗaya ta shigo gida, cikin ƙwanta 100 kaɗai suka rayu. Rabinsu mata, watau 50. A ce kowace cikin 50 ɗin nan ita ma ta raya 100. Nawa ke nan? 5,000. Duk wannan yana iya faruwa kafin wata guda ya cika. Kun ga dalilin da ya sa kora da mafici ba ta ƙare su. Kana korar 20 a sama, ɗaruruwa suna kwance cikin kwandon shara suna jiran ranarsu.

Ina ruwanmu da shi?

Wani zai ce, Malam, ɗan abin da ba ya cizo, me zai yi mini? Zai yi maka abu biyu.

Na ɗaya, hasara. Yana ɗaukar yis da ƙwayoyin tsami daga ruɓaɓɓen abu ya kai wa mai kyau. Tumatir ɗaya ya fashe cikin kwando, ƙudaje suka taru, sai na kusa da shi su kama lalacewa da sauri. Kunun da zai kai dare sai ya juya tun da rana. Mai saye kuma in ya ga ƙudaje suna tashi daga ƙwarya, ya kan wuce gaba wurin wadda ta rufe nata. Wahalar surfe da niƙa da itacen wuta duk ta tafi banza.

Na biyu, lafiya. Ƙudan nan ba ya zaɓen wurin sauka. Yanzu yana kan juji ko bakin kwata, an jima yana kan ludayi. Masu bincike sun gwada sun ga yana iya kwaso ƙwayoyin cuta masu sa zawo daga ƙazamin wuri ya kai su kan abinci mai tsabta. Babban ƙudan gida ya fi shi wannan mugun aiki, gaskiya ne. Amma gidan da ƙaramin ya sami wurin zama, babban ma ya samu, domin ƙazanta ɗaya ce ta ke kiwonsu. Babba mai ƙarfi ya kan sha ya tashi lafiya. Yaron da aka yaye jiya fa, wanda kunu ne abincinsa? Zawo na kwana biyu ya isa ya kwantar da shi. Iyayenmu mata, wannan magana taku ce musamman.

Magani

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwa 6, ba wanda ya ke bukatar kuɗi a cikinsu.

1. A rufe. Duk abin sha da aka ajiye, a sa masa murfi tun yana da zafi. Faifan da ya tsufa ya yi ƙofofi ba ya tsare wannan ƙuda, domin ƙarami ne. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta mai matsattsiyar saƙa tukuna, sa'an nan a ɗora faifai. Wanda ya sha ya rage, ya mai da murfin.

2. Kada ragowa ta kwana. Ƙwarya da ludayi da moɗa da kofi, a wanke su a ranar, a kife su a rana su bushe. A kula da fasassar ƙwarya da wadda aka ɗinke, domin cikin tsagar nan fura ta kan maƙale, tsutsa kuwa abu kaɗan ya ishe ta. Tsumman goge-goge ma a wanke a shanya.

3. A tsince 'ya'yan itace kullum. Wanda ya fashe ko ya yi laushi, a ware shi, a ci shi yau ko a yi miya da shi. Tumatir in ya yi yawa a yanka a shanya ya zama kauɗa. Wanda ya ruɓe, kada ya kwana tare da masu kyau.

4. Ɓawo da ƙwallo da tuƙa su bar tsakar gida kafin dare. A ba awaki abin da za su ci. Saura a zuba a rami a rufe da ƙasa, ko a baza a rana mai zafi ya bushe ƙayau. Tsutsar nan ba ta jimre bushewa. A koya wa yara wuri ɗaya na zubar da ƙwallon mangwaro.

5. A duba wuraren danshi: gindin randa, bakin rariya inda a ke zubar da ruwan wanke-wanke, kwandon shara, kwanon ƙasarin dabbobi. A share, a kankare, a zuba tafasasshen ruwa. Toka ma tana busar da wuri.

6. Kunun ƙaramin yaro, a dama daidai wanda zai sha. In ya daɗe a buɗe ƙudaje sun sauka, a sake tafasa shi, ko kuwa a ba dabbobi a dama sabo.

Gargaɗi guda: kada a fesa maganin sauro ko wani maganin ƙwari kusa da abinci ko kan 'ya'yan itace. Guba ce. Za ta kashe na sama ta bar tsutsotsi, ta kuma shiga cikin mutanen gida. Cutarta ta fi ta ƙudan.

Tarko

Waɗanda suka riga suka yi fiffike fa? Su sai tarko. An ce ƙuda wajen kwaɗayi a kan mutu.

Ka sami kwalba mai faɗin baki ko gwangwani. Ka zuba ruwan tsami ko tsohon zoɓo mai sukari kamar zurfin yatsa biyu, ka jefa ɗan guntun nunanniyar ayaba. Ka ɗiga ruwan sabulu kaɗan, ka motsa a hankali. Sa'an nan ka naɗe takarda kamar mazurari, da 'yar ƙofa ƙarama a ƙasa, ka zura a bakin kwalbar, kada ta taɓa ruwan. Ka ajiye kusa da inda su ke taruwa, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wari zai ja su su bi mazurarin su shiga, fita kuwa ta gagare su. Amfanin sabulun shi ne wannan: ƙudan ba shi da nauyi, yana iya tsayawa bisa ruwa ya sha ya tashi, amma in da sabulu sai ruwan ya kasa ɗaukarsa, ya nutse. Turawan nan masu giyar inabi ma haka su ke yi, da ragowar giyarsu da ɗigon sabulu. Kowane kwana 3 a zubar a rami a sake sabo. In ka bar shi ya wuce mako, ayabar da ke ciki za ta zama gidan haihuwa, ka ga tarko ya koma akurki.

Kada ku karaya in kun share gida yau kuka ga ƙuda jibi. Ku tuna da kwana 10 ɗin nan. Waɗanda ke cikin kwanso sai sun fito. Ku daure mako 2 cur kuna bin abubuwan nan 6, tarko yana aiki, za ku ga bambanci. In kun ga ba su ragu ba, to, akwai wani ruɓaɓɓen abu da ya ɓuya. Ku duba bayan randa, ku duba gindin buhun albasa da na dankali. Kuma ku yi shawara da maƙwabta, domin ƙuda bai san danga ba.

Wata magana don kada a ruɗe. Tsutsar da a ke tararwa cikin mangwaron da aka tsinko daga bishiya, fatarsa lafiya lau, ta wani ƙuda ce dabam wanda ya fi wannan girma. Shi ya kan huda ɗan itace tun yana sama ya sa ƙwai a ciki. Maganinsa a tsince duk wanda ya faɗo ƙasa, a binne cikin rami mai zurfi, a rufe da ƙasa kamu ɗaya ko fiye. Kun ga shi ma maganar ɗaya ce, a raba shi da wurin haihuwa.

Gwaji

Gani ya kori ji. Ina so kowane aji ya yi irin gwajin likitan nan na Italiya. Ku sami kwalabe 2 masu haske, ku wanke. Ku ɓare ayaba, ku sa yanka ɗaya cikin kowace, ban da ɓawon. Ta fari ku ɗaure bakinta da ƙyalle nan da nan. Ta biyu ku bar ta a buɗe kwana 2 inda ƙudajen su ke, sa'an nan ita ma ku ɗaure. Ku ajiye su a inuwa. Kullum wani ya duba ya rubuta abin da ya gani: ranar da tsutsa ta bayyana, ranar da ta hau jikin kwalba ta yi kwanso, ranar da ƙuda ya fito. In an gama, a zuba ruwan zafi ta bisa ƙyallen kafin a kwance. Ku kira matan gida su gani da idonsu, domin su ne masu ƙwarya da faifai.

To, jama'a, iyakar jawabina ke nan. A rufe abin sha, a wanke ƙwarya a ranar, kada ruɓaɓɓen abu ya kwana a gida. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana yaranmu. 

Tambayoyi

1. Ta yaya za ka bambanta ɗan ƙudan nan da babban ƙudan gida?
2. Me ya ke jawo shi zuwa kan kunu da giyar inabi da nunannun 'ya'yan itace?
3. Kwana nawa ne daga ƙwai zuwa ƙuda in akwai ɗumi?
4. Don me a ke ɗiga sabulu cikin tarko?
5. Faɗi wurare 3 a gidanku inda ƙudan nan zai iya sa ƙwai.